Ranar Da Na Ce "Albarka"

Karatu: 1 Sarakuna 21:1-19, Littafin Firistoci 25:23-28

 In ka taɓa shiga kasuwa sayen rago ko buhun gero, ka san yadda ciniki yake tafiya a ƙasarmu. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce, "Albarka." Wanda bai san kasuwa ba sai ya zaci an kore shi ke nan. Amma ɗan kasuwa ya san ma'anar kalmar: kayan na sayarwa ne, kuɗin ne bai kai ba, a ƙara. Da wannan kalma guda na jawo wa gidanmu wata takwas na rashin barci. Ina so in ba ka labarin, domin wataƙila gobe kai ma wani zai yi sallama a ƙofar gidanka yana neman abin da ba ka taɓa kai wa kasuwa ba.

Bari in fara da gonar. Mahaifinmu Bamaguje ne daga ƙasar Kafur. Yana saurayi kuturta ta kama shi, a farkon shekarun 1950 aka kawo shi Babbar Ruga, a kan hanyar Batsari, inda 'yan mishan na SIM suke jinyar kutare tun shekarun 1930. Ya warke, amma ciwon ya riga ya tafi da yatsu uku na hannunsa na dama. A nan ya ji bishara ya ba da gaskiya, a nan ya koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka buga a 1932, a nan kuma ya sadu da mahaifiyarmu. Da aka sallame shi bai koma gida ba, gama a lokacin nan wanda ya taɓa kuturta ko ya warke ba a cin tuwo da shi a akushi ɗaya. Ya yi ƙwadago shekara da shekaru har ya tara abin da ya sayi 'yar gona a hannun wani dattijo Musulmi, a gaban mai gari da shaidu. Na tashi ina ganin Inna tana ɗaure masa ƙotar hauya a wuyan hannu da igiyar fata kowace safiya ta damina, don ba shi da yatsun da zai riƙe ta. Da wannan hannu ya ciyar da mu gero da dawa da wake, da shi ya biya mana kuɗin makaranta. Akwai gawo babba a tsakiyar gonar, a gindinsa yakan zauna ya yi addu'a kafin ya kama aiki.

A wancan zamani gonar daji ce, sai ka yi tafiya mai nisa daga ganuwa kafin ka kai. Amma a 1987 Katsina ta zama babban birnin jiha, gari ya fara fita ta ƙofofinsa. A zamanin Gwamna Ibrahim Shehu Shema aka shimfiɗa titin da ya zagaye birni, gonakin gefe suka soma komawa fulotai. Daga baya rashin tsaro ya koro mutane da yawa daga yankunan Batsari da Jibiya da Safana, kowa yana neman inda zai kafa kansa kusa da gari. Muna zaune, ba mu matsa ko taku ɗaya ba, birni ya iso bakin iyakarmu.

Mu uku Baba ya bari: ni ne babba, sai ƙanena da yake aiki a Kaduna, sai ƙanwarmu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Ba mu raba gonar ba. Ita take nomawa, daga nan take ci da marayunta, a kaka ta aiko mana da ɗan abin da ya samu.

Wata Lahadi da yamma, bayan mun taso daga sujada, ina zaune a ƙofar gida sai ga wani dillalin filaye da na sani sama-sama. Muka gaisa, aka kawo masa ruwa. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi iyali, ya tambayi fansho, sa'an nan ya ce, "Malam, wani bawan Allah ne ya ga gonarku ta hanyar Batsari, ta kwanta masa a rai." Ya ciro 'yar takarda ya rubuta adadi ya miƙo mini. Ni malamin makaranta ne mai ritaya, na iya lissafi. Kafin in ɗaga kai na riga na auna: abin da ke takardar ya fi fanshona na shekara ashirin. A lokacin matata tana jiran aikin asibiti da ba mu da kuɗinsa, autanmu kuma yana Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, kowane zango sai na ci bashi. Na yi dariya don in ɓoye abin da ya taso mini a zuciya, na mayar masa da takardar na ce, "Albarka."

Ya yi murmushi ya tashi. Na yi zaton na sallame shi. Ashe ƙofa na buɗe masa.

Ka lura da wannan, ɗan'uwana, gama a nan kuskurena yake. Ban yi ƙarya ba, ban kuma yi alkawari ba. Amma bakina ya faɗi abin da zuciyata take ɓoyewa, wato ina so in ji iyakar abin da za a iya bayarwa. Ubangijinmu ya koya mana a Matiyu 5:37 mu tsaya a kan magana ɗaya, amincewa ko ƙi, ba tare da ƙari ba. Mu Hausawa kuwa muna da kunya, ba mu son mu ce wa baƙo a'a ƙiri-ƙiri. Sai mu ce "za mu duba," ko "sai mun yi shawara," ko "Allah ya kai mu." Kunya abu ne mai kyau, amma wanda ya zo ciniki yakan ɗauki kowace irin wannan magana a matsayin rabin yarda.

Bayan mako biyu ya dawo, wannan karo tare da mai son sayen. Dole in yi wa mutumin nan adalci. Alhaji ne mai natsuwa, ya girmama ni, ya zauna a tabarma ɗaya da ni, bai yi mini gadara da dukiya ba. Ya ce shaguna yake so ya gina a bakin hanya. Ya ƙara kuɗi a kan na farko, ya kuma ce in mun fi son gona, yana da wata da ta ninka tamu biyu can gaba, sai mu yi musaya ya cika mana da kuɗi. Dillalin ya ajiye wata leda a gefen ƙafata ya ce kafin alƙalami ne, in riƙe kawai kafin in gama tunani. Allah ya taimake ni ban taɓa ta ba. Na ce a ɗauke, gonar ba tawa ba ce ni kaɗai. Da za su tafi, dillalin ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ka yi tunani. Gari ya zo. In gwamnati ta buƙaci wurin nan gobe, kuɗin gero da itace kaɗai za a ba ku."

Wannan magana ta fi kuɗin tayar mini da hankali, domin akwai gaskiya a cikinta. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum yake da shi izinin zama da amfani ne. Gwamna yana da iko ya janye izinin saboda bukatar jama'a, diyya kuwa a kan abin da aka gina ko aka shuka take, ba a kan ƙasar kanta ba. Na kwana ina juyi. Ga bukata a cikin gida, ga tsoro a waje, ga kuɗi a tsakiya.

A daren nan na buɗe labarin Nabot. Na sha karanta shi, na sha koyar da shi a makarantar Lahadi, amma ban taɓa lura da yadda tayin Ahab yake da kyau ba. Sarki bai fara da ƙwace ba. Gonar inabin tana kusa da fadarsa a Yezreyel, yana so ya mai da ita lambun ganyaye, ya kuwa ba Nabot zaɓi biyu: ko gonar da ta fi tasa, ko kuɗinta. Daidai abin da aka shimfiɗa mini a tabarma. In da dillali ne ya duba, zai ce Nabot ya yi wauta. Amma Nabot bai tsaya auna gonar da gona ba, bai tambayi nawa ba. Ya amsa sau ɗaya, ya sa sunan Ubangiji a cikin amsarsa, ya ce gādon kakanninsa ne. Dalilinsa yana cikin Littafin Firistoci sura 25, inda Allah ya nuna wa Isra'ila cewa ƙasar tasa ce, su baƙi ne a kanta, don haka ba a sayar da ita har abada. Ko talauci ya sa mutum ya sayar, dangi na kusa yana da hakkin fansa, in kuwa ba mai fansa, a shekara ta hamsin ta koma hannun masu ita. Nabot ya ga kansa mai riƙon amana, shi ya sa ba shi da farashin da zai faɗa.

Kada ka yi mini gurguwar fahimta. Ba na cewa sayar da gona zunubi ne. Mu ba Isra'ilawan zamanin Ahab ba ne, gādonmu na ainihi yana cikin Almasihu. Barnaba ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin wurin manzanni, Ayyukan Manzanni sura 4 ta kuwa yabe shi. Akwai 'yan'uwa a cikinmu da suka sayar da fili don ceton rai a asibiti, ko don fanso ɗa daga hannun masu garkuwa da mutane, ba wanda ya isa ya ɗora musu laifi. Alhajin da ya zo wurina kuma ba Ahab ba ne, ba wata Yezebel a bayansa. In akwai Ahab a labarin nan, a cikin ƙirjina yake: wannan zuciya da take kwanciya ta juya fuska ga bango, ta ƙi abinci saboda abin da ta gani ba ta samu ba. Tun ranar da na ga adadin nan, tuwon gidana ya daina yi mini daɗi. Rufin ɗakina da na zauna a ƙarƙashinsa shekara talatin da godiya, sai na fara ganin tsatsarsa. Ba abin da aka rage mini, amma na wayi gari matalauci. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji magabata.

Wahalar kuwa ba ta tsaya a kaina ba. Da na ce gonar ba tawa ba ce ni kaɗai, dillalin ya nemi lambar ƙanena ya kira shi a Kaduna. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ƙanena ya kira ni da zafi. "Yaya, ashe an yi tayi har sau biyu ba ka gaya mini ba? Shekara ashirin da biyar ina zaman haya. Rabona kaɗai zai gina mini gida." Ban sami abin cewa ba, gama yana da gaskiya ta fuska biyu: na ɓoye masa, bukatarsa kuma ta gaske ce. Ƙanwarmu kuwa a bakin maƙwabta ta ji. Ba ta zo ta yi faɗa ba. Ta daina zuwa gidana, ranar Lahadi ta zauna a can bayan zumuntar mata, ta fita kafin a gama gaisawa. Wata biyu muna haka, muna cin Jibin Ubangiji a majami'a ɗaya ba mu duban idon juna.

Wani dattijon ikilisiyarmu, wanda ya san Baba tun a Babbar Ruga, shi ya tara mu bayan Kirsimeti. Bai yarda mu zauna a gidan kowa ba, ya ce a gonar za a yi. Muka shimfiɗa tabarma a gindin gawo. Ka san halin gawo: da damina, sa'ad da kowane itace yake kore, shi sai ya zubar da ganye ya bar wa gero hasken rana, da rani kuwa ya yi ganye ya ba da inuwa. A inuwarsa muka zauna. Dattijon ya yi addu'a, ya ce kowa ya faɗi abin da ke ransa, a fara da ƙarama.

Ƙanwarmu ta daɗe ba ta ce kome ba. Sa'an nan ta ce, "Yaya, in kun sayar za ku ba ni rabona, na sani ba za ku cuce ni ba. Amma ni ban iya riƙon kuɗi ba. Dangin mijina za su ji, masu bashi za su ji, masu neman taimako za su ji. Shekara biyu ya ƙare. Gonar nan kuwa shekara goma sha ɗaya tana ba ni hatsi ba ta taɓa tambayata ina na kai na bara ba. Waccan da za a ba mu musaya, wa yake iya zuwa noma can yanzu?" Ta yi shiru, ta ƙara da cewa, "Ni ce nake kwance wa Baba igiyar hannu in ya dawo da yamma. Na ga abin da take yi wa fatarsa."

Ba wanda ya yi magana. Dattijon ya buɗe Littafin Ƙidaya sura 27 ya tuna mana da 'ya'yan Zelofehad mata su biyar, waɗanda suka tsaya a gaban Musa suna neman gādon mahaifinsu, Allah kuwa ya ce suna da gaskiya. Ya ce a cikin shawarar gādo, muryar wanda zai fi cutuwa ita ta kamata a fi saurara. Sai na gane abin da na kasa ganewa wata da watanni. Ina ta tambayar kaina ko kuɗin ya kai darajar gonar, alhali tambayar da take gabana ita ce, wa zai biya farashin in na karɓa? Isuwa ma da ya sayar da matsayinsa na ɗan fari, yunwarsa ta gaske ce. Abin da ya manta shi ne yunwa takan wuce, ciniki kuwa ba ya komawa.

Na roƙi gafarar ƙannena duka biyu. Muka yanke shawara uku a wurin. Ta farko, gonar ba ta sayarwa ba ce muddin ƙanwarmu tana ci daga gare ta. Ta biyu, za a auna a san rabon kowa, in wata rana dole ta kama ɗayanmu, sai ya fara yi wa 'yan'uwansa tayi kafin bare. Ta uku, za mu gyara takardu. Abin kunya ne in faɗa maka, duk shekarun nan shaidarmu ita ce wata tsohuwar takarda da mai gari ya sa wa hannu, tana cikin akwatin Inna. Bangaskiya ba ta hana rubutu. Da Ibrahim ya sayi filin Makfela a hannun Efron, a gaban mutanen gari ya auna shekel 400 na azurfa. Da Irmiya ya sayi gona a Anatot a kan shekel 17, ya rubuta takarda, ya buga hatimi, ya kira shaidu, ya sa a adana ta cikin tukunyar ƙasa don ta daɗe. Muka kira mai unguwa da maƙwabtan iyaka, Musulmi da Kirista, aka zagaya aka tabbatar da kowace kusurwa. Muka kawo mai awo, muka kafa duwatsun iyaka, muka dasa bedi a gefen hanya, muka shigar da neman takardar mallaka a ma'aikatar filaye. Takarda ba za ta hana gwamnati karɓa ba in bukatar jama'a ta zo, amma tana rufe bakin mai cewa wurin ba shi da mai shi.

Sa'an nan na tafi da ƙafata wurin Alhajin, ban aika dillali ba. Na gode masa da mutuncin da ya nuna mini, na ce, "Alhaji, laifina ne da na bar ka kana jira. Gonar nan ba ta sayarwa ba ce. Ba maganar kuɗi ba ce, don haka kada ka wahalar da kanka da ƙari. Marayu ne suke ci a ciki." Ya dube ni ya ce, "Malam, da ka faɗi haka tun ranar farko, da ban sake dawowa ba. Allah ya raya marayun." Ya raka ni har bakin ƙofa. Na fita ina mamakin yadda magana ɗaya madaidaiciya ta gama abin da kewaye-kewaye ya kasa gamawa cikin wata takwas.

Kada ka zaci daga nan sama ta buɗe kuɗi ya zubo. Aikin asibitin matata sai da na sayar da motata aka yi shi, 'yan'uwa a ikilisiya suka cika sauran. Ƙanena har yau yana gidan haya, wani lokaci in mun yi waya nakan ji sauran abin a muryarsa, ba na kuwa ganin laifinsa. Alhajin ya sayi gonar maƙwabcinmu, shagunansa suna nan a tsaye, katangarsu tana jefa inuwa a kan kunya uku na farkon gonarmu. Ban san abin da shekara goma za ta kawo ba. Nabot ya ce a'a ya rasa ransa, sai bayan mutuwarsa Allah ya aiko Iliya. Ba a yi mana alkawari cewa riƙon amana zai zo da riba a wannan duniya ba. Abin da na samu shi ne ƙanwata ta dawo cin tuwo a gidana, ni kuma na koma ganin rufin ɗakina da idon godiya.

Kai fa, ɗan'uwana? Wataƙila ba ka da gona a hanyar Batsari. Amma akwai abin da Allah ya damƙa maka wanda bai kamata ya shiga kasuwa ba: sa hannunka a ofis, shaidarka a gaban alƙali, ƙuri'arka, 'yarka, sunan da iyayenka suka bar maka, bangaskiyarka. Mai tayi ba ya zuwa da fuskar mugu. Yakan zo da ladabi, a lokacin da bukata ta matsa maka, da farashin da ya fi ƙarfin lissafinka. Ka yanke shawara tun bai zo ba. In ya zo, ka karɓe shi da mutunci, ka ba shi ruwa, kada ka tambayi nawa, kada ka taɓa kafin alƙalaminsa, kada ka ɓoye wa waɗanda abin ya shafa. Ka faɗa masa gaskiya a zama na farko. Kada ka ce "albarka."

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, ƙasa da dukan abin da yake cikinta naka ne, mu baƙi ne masu riƙon amana. Ka ba mu hikima mu rarrabe abin da za mu iya saki da abin da ka ce mu riƙe. Ka tsare zukatanmu daga kwaɗayi, bakunanmu daga magana biyu. Ka tuna da gwauraye da marayu, da waɗanda aka raba da gonakinsu da ƙarfi, da waɗanda dole ta sa suka sayar. Ka haɗa kan gidajen da gādo ya raba. Cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya fanshe mu da jininsa. Amin.